Tambaya da Amsa: Mene Ne Amfanin Yi wa Makami Rajista da Sunan Amana a Amurka?

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun zo ne daga masu karatunmu mazauna Amurka, kuma duk a kan batu ɗaya suka tsaya, wato mallakar makaman da gwamnatin tarayyar ƙasar ta sa wa ido ta hanyar kafa amana a hukumance. Bayanin da ke tafe ya shafi dokar Amurka ne kaɗai, bai kamata a auna wata ƙasa da shi ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a jihar Teksas tare da iyalina, kuma na samu takardar zama ɗan ƙasa. Nakan fita farautar barewa idan lokacinta ya yi, amma likita ya gargaɗe ni cewa jina ya fara raguwa, saboda haka na yi niyyar sayen salansar bindiga, wato na'urar rage ƙarar harbi. Da na je kanti sai dillalin ya tambaye ni ko da sunana zan yi rajista ko da sunan amana. Mece ce wannan amana, kuma me za ta ƙara mini?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a gane amfanin amana sai an fara gane dokar da ta sa ake buƙatarta. A shekarar 1934, bayan shekarun da 'yan daba masu fataucin barasa suka addabi birane irin su Shikago da bindigogi masu sarrafa kansu, majalisar dokokin Amurka ta zartar da Dokar Makamai ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NFA, Shugaba Franklin Roosevelt kuma ya sa mata hannu. Dokar ba ta haramta makaman ba, sai dai ta wajabta yi musu rajista, ta kuma ɗora harajin dala 200 a kan sauya wa kowane ɗaya mai shi, kuɗin da a wancan zamani ya yi daidai da farashin bindigar Thompson sabuwa fil. Abubuwan da ke ƙarƙashinta a yau sun haɗa da bindiga mai sarrafa kanta, da raifil ɗin da bututunsa bai kai inci 16 ba, da bindigar harbin tsuntsaye wadda bututunta bai kai inci 18 ba, da salansa irin wadda kake nema, da manyan makamai masu fashewa waɗanda aka ƙara a 1968. Hukumar ATF mai kula da harkokin barasa da taba da makamai, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar shari'a tun 2003, ita ke riƙe da kundin rajistar. Bindigar farauta ta yau da kullum da ƙaramar bindiga ta hannu ba sa cikin wannan jeri.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, a idon wannan doka kowane makami yana da mai shi guda ɗaya a kundi, kuma wanda duk aka samu da shi alhali ba sunansa ke rubuce ba ya aikata babban laifi na tarayya, wanda hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 10. Idan ka yi rajistar salansar da sunanka, ɗanka ko amininka zai iya harbi da ita muddin kana tsaye a wurin kana kula, amma ba zai ɗauke ta ya tafi daji shi kaɗai ba, ko da kai ka ba shi da hannunka, ko da kuwa ya fi ka ƙwarewa. Ba za ka bar ta a gidan ƙaninka a buɗe ba idan tafiya ta kama ka. Doka ba ta duba zumunci a nan, sunan da ke kan takarda take dubawa.

Amana kuwa yarjejeniya ce rubutacciya da ake kafawa bisa dokar jihar da mutum yake zaune, kuma ɓangarori uku ne a cikinta. Akwai mai kafa amanar, wanda ya sa dukiyarsa a ciki. Akwai amintacce ko amintattu, waɗanda ke riƙe da dukiyar suna gudanar da ita bisa sharuɗɗan da aka rubuta. Sannan akwai masu cin gajiya, waɗanda dukiyar za ta koma hannunsu a ƙarshe. Mutum ɗaya yana iya zama mai kafawa kuma amintacce na farko, kuma haka akasarin mutane suke yi. Dokar NFA ta amince cewa ba ɗan'adam kaɗai ke iya mallakar makami a kundi ba, kamfani da amana ma suna iyawa. To idan sunan amanar ne a kundin ATF, kowane amintacce da ya cika sharuɗɗan doka yana da ikon riƙe makamin, ya ajiye shi, ya fita da shi, ba tare da kana wurin ba. Wannan shi ne babban amfaninta, kuma a ganina duk sauran fa'idojin da dillalai ke lissafawa rassa ne da suka tsiro daga gare shi.

Game da kunnenka kuwa, niyyarka tana kan hanya, amma kada ka ɗauka salansa tana kashe ƙarar harbi gaba ɗaya kamar yadda ake nunawa a finafinai. Rage ta take yi da kimanin desibel 20 zuwa 35 a ma'aunin ƙarfin sauti, alhali ƙarar bindigar farauta takan haura 150, saboda haka kada ka jefar da abin toshe kunne. Hiram Percy Maxim, wanda ya samu shaidar ƙirƙirar wannan na'ura a 1909, ya yi aiki a kan salansar injin mota ma, kuma dabarar ɗaya ce, wato a tare iskar da ke fita da ƙarfi a sassauta ta kafin ta fito fili.

Shawarata ita ce, idan akwai wani baligi a gidanka ko cikin danginka da kake son ya riƙa amfani da salansar ko ya riƙa ajiye ta, to ka kafa amanar tun kafin ka cika fom, domin mayar da makami daga sunanka zuwa sunan amana daga baya sabon sauyin mallaka ne a idon hukuma, sai ka sake cika Fom na 4, ka sake jiran amincewa.

Tambaya: Malam, na ji ana cewa wanda ya yi rajista da sunan amana ba a bincikar tarihinsa, kuma 'yan sanda ba sa sanin yana da makamin. Gaskiya ne?

Amsa: Tsohon labari ne wanda zamaninsa ya wuce. A da, wanda zai yi rajista da sunansa sai ya kai hotonsa da zanen yatsunsa, sannan sai shugaban 'yan sandan garinsu ko na gundumarsu ya sa hannu a fom ɗin, kuma a wurare da dama waɗannan shugabanni sukan ƙi sa hannu ba tare da sun faɗi dalili ba, abin da ya zama haramci a aikace ko da dokar jihar ta halatta makamin. Amana da kamfani ba a neman wannan sa hannu a wurinsu, ba a kuma neman hoto ko zanen yatsu, shi ya sa jama'a suka yi ta tururuwar kafa amana.

Wata ƙa'ida da ake kira 41F, wadda ministar shari'a ta lokacin, Loretta Lynch, ta sa wa hannu a Janairun 2016, ta kuma fara aiki a ranar 13 ga Yuli, 2016, ta sauya lamarin ta fuska biyu. Ta soke buƙatar sa hannun shugaban 'yan sanda ga kowa da kowa, ta mayar da ita sanarwa kawai, wato a aika masa kwafin takardar don ya sani. Sannan ta wajabta wa duk wanda ke da ikon gudanar da amana ko riƙe makamanta ya cika Fom mai lamba 5320.23, ya haɗa da hotonsa da zanen yatsunsa, a binciki tarihinsa, a duk lokacin da amanar ta nemi sabon makami. Ke nan yanzu amana mai amintattu huɗu takardunta sun ninka na mutum ɗaya, kuma idan binciken ɗaya daga cikinsu ya tsaya, takardar duka ta tsaya. Duk wanda ya tallata maka amana a matsayin hanyar kauce wa hukuma, ko dai bai san an sauya doka ba ko kuma kuɗinka yake so.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni matar aure ce a jihar Jojiya. Maigidana yana da gajeriyar bindiga, wato mai gajeren bututu, da salansa biyu, duk da sunansa ya yi rajista, suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakinmu, kuma na san lambar buɗe akwatin domin takardun gida ma a ciki suke. Aikinsa na tafiye-tafiye ne. Yaranmu ƙanana ne. Shin akwai laifi a kaina? Kuma idan ta Allah ta kasance, yaya za a yi da makaman, musamman da yake muna son a raba gado bisa tsarin Musulunci?

Amsa: Hajiya, tambayarki ta fi ta kowa muhimmanci a wannan fitowa, domin halin da kike ciki shi ne ainihin abin da aka ƙirƙiri irin wannan amana dominsa. A dokar Amurka ba sai an kama mutum da abu a hannunsa ake cewa yana riƙe da shi ba. Idan ya san inda abin yake kuma yana da ikon isa gare shi ya sarrafa shi yadda ya so, kotu tana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ke riƙe da shi. Matar da ta san lambar akwati alhali mijinta yana wata jiha ta shiga wannan siffa. Ba kasafai ake jin an gurfanar da matar aure a kan wannan kaɗai ba, amma irin wannan abu ba ya tashi sai ranar da wata matsala ta kawo hukuma cikin gida, kamar gobara, ko sata, ko rikicin da maƙwabta suka kira 'yan sanda, kuma ranar ba ranar neman bayani ba ce. Mafita ta gaggawa mai sauƙi ce: a fitar da takardun gida zuwa wani wuri, maigida ya sauya lambar akwatin, ya zama shi kaɗai ya san ta. Mafita mai ɗorewa kuwa ita ce ya kafa amana, ya sa ki cikin amintattu, ya mayar da makaman cikinta da izinin ATF.

A kan batun mutuwa, gaskiya ita ce ko babu amana doka ta tanadi hanya. Wasiyyin da kotu ta amince da shi yana da ikon riƙe makaman yayin da ake tantance gado, sannan a miƙa su ga magajin da ya cancanta ta hanyar Fom na 5, wanda ba a biyan haraji a kansa, bayan an binciki magajin. Saboda haka ba daidai ba ne abin da wasu ke yaɗawa cewa gwamnati za ta ƙwace makaman wanda ya rasu ba shi da amana. Abin da ake ƙwacewa shi ne makamin da aka tarar ba shi da rajista tun asali, domin magada ba su da hanyar yi masa rajista daga baya, sai dai su miƙa shi ga hukuma.

Inda amana ta yi fice shi ne a tsakanin ranar rasuwa da ranar da komai zai kammala, da kuma irin yanayinku na ƙananan yara. Tantance gado a kotu yakan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma takardunsa a buɗe suke ga duk mai son dubawa, har da jerin dukiyar mamaci a jihohi da dama, abin da ba kowane gida zai so ba idan akwai makamai masu tsada a ciki. Dukiyar da ke cikin amana ba ta bi ta wannan kotu, domin mai ita a takarda ita ce amanar, kuma amana ba ta mutuwa da mutuwar wanda ya kafa ta. Amintaccen da aka ambata zai gaje shi yana karɓar ragama nan take. Yaro ƙarami ba zai zama amintacce ba, amma ana iya rubuta shi a matsayin mai cin gajiya, amintacce ya riƙe masa makamin har ya kai shekarun da doka ta yarda, kuma mai kafa amanar yana iya ƙara sharaɗi, alal misali kada a miƙa sai yaron ya kai shekara 25, ko kuma a sayar a ba shi kuɗin idan amintaccen ya ga hankalinsa ko halinsa bai dace da riƙe makami ba. Wasiyya ta yau da kullum ba ta cika shiga irin waɗannan bayanai ba.

Akwai kuma abin da mutane ba sa son ambata, wato rashin lafiya mai tsawo. Idan mai rajista ya gamu da shanyewar jiki ko ruɗewar tsufa, yana raye amma ba ya iya kula da komai, babu gadon da za a raba kuma babu wanda sunansa ke kundi sai shi. Amanar da aka rubuta da kyau tana fayyace wanda zai karɓi riƙo a irin wannan hali, da yadda za a tabbatar cewa halin ya auku.

Game da rabon gado na Musulunci, dokar Amurka ta ba mutum sarari mai faɗi ya tsara yadda za a raba dukiyarsa, saboda haka ana iya rubuta amanar ta yadda rabon zai bi kason da shari'a ta yanka wa kowane magaji. Amanar da mai kafa ta ke da ikon warwarewa a rayuwarsa, wadda ita ce akasarin mutane ke kafawa, ba ta fitar da dukiyar daga hannunsa a haƙiƙa, don haka abin da ya fi kusa da tsantseni shi ne a lissafa makaman cikin abin da ya bari, a fara biyan bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. Tun da bindiga ɗaya ba ta yankuwa, sai a yi mata ƙima, wanda ya cancanci riƙe ta ya ɗauka a cikin kasonsa, ko a sayar ta halastacciyar hanya a raba kuɗin. Ku zaunar da lauya da malamin da ya san ilimin gado a kan takarda ɗaya kafin a sa hannu. Mazauna jihohi 9 da ke ɗaukar dukiyar da aka samu bayan aure a matsayin ta miji da mata tare, irin su Teksas da Arizona da Kalifoniya, sai su ƙara lura, domin a can rabin abin na matar ne tun kafin a zo maganar gado. Jojiya ba ta cikinsu.

Tambaya: Malam, na ga ana sayar da takardar amana a intanet da kuɗi kaɗan, wasu kantuna ma kyauta suke bayarwa, alhali lauya yana neman ɗaruruwan daloli. Wanne zan ɗauka? Kuma ina shirin barin Ohayo in koma Niyok da aiki.

Amsa: Ya danganta da abin da za ka sa a ciki. Mai salansa ɗaya wanda ba shi da wani buri sai matarsa ta samu ikon riƙe ta, takardar da aka riga aka tsara tana iya wadatar da shi, muddin an tsara ta bisa dokar jiharsa kuma an sa mata hannu yadda jihar ke buƙata. Amma mai bindiga mai sarrafa kanta, wadda farashinta ke kai dubban daloli masu yawa saboda dokar 1986 ta rufe yi wa fararen hula rajistar duk wadda aka ƙera bayan 19 ga Mayu, 1986, ko mai 'ya'ya daga aure fiye da ɗaya, ko mai son shigar da tsarin gado na addini, wannan ya tuna araha ba ta ado. Idan aka gano amanar ba ta inganta ba a dokar jiha, to babu wani halastaccen mai makamin a kundi, kuma wanda ke riƙe da shi ne zai amsa tambaya. Amanar da aka tsara domin gida da asusun banki ma ba ta dace ba, domin takan umarci amintacce ya raba dukiya ga magada kai tsaye, ba tare da ta gargaɗe shi cewa miƙa irin wannan makami kafin izinin ATF laifi ne ba.

A ɓangaren kuɗi an samu sauƙi. Dokar harajin da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu a ranar 4 ga Yuli, 2025 ta soke biyan dala 200 a kan salansa da gajerun bindigogi daga 1 ga Janairu, 2026, ta bar shi a kan bindiga mai sarrafa kanta da makamai masu fashewa. Rajista da binciken tarihi ba ta taɓa su ba.

Maganar ƙaura ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Amana ba ta halatta abin da jiha ta haramta. Jihohi 8 ba su yarda farar hula ya mallaki salansa ba, wato Niyok, Kalifoniya, Ilinoi, Niyu Jasi, Masachusets, Rod Ailan, Delawa da Hawai, haka ma birnin tarayya Washinton. Ba za ka shiga Niyok da ita ba, da sunanka take ko da sunan amana. Sai dai a nan ma amanar tana da rana, domin idan kana da amintacce a Ohayo, kamar yayanka ko wani amini, zai riƙe ta a can bisa doka, ka yi amfani da ita idan ka kai ziyara, maimakon ka sayar da ita a gaggauce. Ka kuma sani cewa ƙetare iyakar jiha da gajeriyar bindiga ko mai sarrafa kanta yana buƙatar izinin ATF a rubuce tun kafin tafiya, ta Fom mai lamba 5320.20, ko da jihar da za ka ta halatta su.

Wanda yake zaune shi kaɗai, ba ya da niyyar kowa ya taɓa makaminsa, kuma magajinsa baligi ne mai hankali da ke jihar da ta halatta makamin, ban ga dalilin da zai sa ya ɗora wa kansa amana ba. Rajista da sunansa ta fi sauƙi, kuma sau da yawa ta fi saurin fitowa.

Tambaya: Malam, ƙanina ya zo karatu da bizar ɗalibai yana zaune a gidana. Zan iya sa shi cikin amintattu?

Amsa: Kada ka yi gaggawa. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da biza ta wucin gadi riƙe bindiga ko harsashi, in ban da wasu keɓaɓɓun yanayi, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne mallakar lasisin farauta mai aiki daga wata jiha, kuma ranar da lasisin ya ƙare rangwamen ya ƙare. Mai katin zama na dindindin ba ya cikin wannan hani. Sauran waɗanda doka ta hana sun haɗa da wanda aka taɓa samu da laifin da hukuncinsa ke iya wuce ɗaurin shekara ɗaya, da wanda aka samu da laifin dukan iyali, da wanda kotu ta ba da umarnin ya nisanci matarsa ko 'ya'yansa, da mai shan haramtattun ƙwayoyi, kuma tabar wiwi tana ciki a dokar tarayya ko da jihar ta halatta ta. Sa sunan irin wannan mutum a cikin amana ba ya wanke shi, kai ma da ka ba shi makamin kana sane ka shiga laifi. Ga ɗalibi kuwa hasarar ta wuce tara ko ɗauri, domin laifin makami yana cikin dalilan da ake korar baƙo daga ƙasar a kansu. Ka bar akwatin a kulle, lambar tana wurinka kai kaɗai, kuma idan yana sha'awar farauta ku fara ganin lauyan shige da fice kafin ya taɓa ko da bindigarka ta yau da kullum.